Gidan Sauron Goggo a Tafkin Argungu

A shekarar da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi. Yarinyar nan akwai kwaikwayo. In ta ji muryarka sau ɗaya, shi ke nan, ta ɗauke.

Da aka ba da hutun damina, aka kai ta Argungu wurin Goggo, ƙanwar babanta. Mijin Goggo, Baba Tamba, masunci ne. Da homa, ragar nan ta hannu, yake ci da gidansa.

Ran da ta iso, Baba Tamba ya nuna mata wani tafki a gefen gulbi.

"Kin ga wanga ruwa? An rufe shi. Nan kifi ka zuba ƙwai. Ba a sa raga, ba a sa ƙugiya, sai manya sun buɗe."

Yana juya baya ta turo ciki, ta kumbura kumatu, ta ce da muryarsa, "Ba a sa raga, ba a sa ƙugiya!"

Yaran unguwa suka kwashe da dariya. Amma wata a cikinsu ta taɓe baki.

"'Yar birni, sai surutu. Ko tarwaɗa guda ba ki iya kamawa."

Ran yarinya ya ɓaci. Ita za a raina?

Washegari Goggo ta tafi kasuwa. Yarinya ta kwance gidan sauron Goggo, mai facin shuɗin ƙyalle, ta nufi tafki. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta ja, ta ja. Da ta ɗago, sai ga kifi jingim. Amma duk 'yan mitsi-mitsi ne, kamar ƙwayar shinkafa.

Ta juye su a wani ɗan rami mai ruwa, wasu suka zube a kan yashi. Ta koma ta sake ja.

"Kai! Wa na can cikin ruwa?" wani mutum ya ƙwala daga nesa.

Ta yar da gidan sauron, ta ranta a na kare.

Kafin azahar sai ga shugaban masunta a ƙofar gida, wani dogon tsoho mai murya kamar tsawa. Ya jefar da jiƙaƙƙen gidan sauron a gaban Baba Tamba.

"Tamba! Mata sun ce wanga na gidanka na. Kai da kanka? Da gidan sauro? Miƙo homarka! Bana ba ka shiga ruwa, ko ranar bikin kamun kifi."

"Wallahi ban taka wurin ba!" in ji Baba Tamba cikin fushi. "In kunka amshe homa, mi za mu ci?"

Goggo ta dawo ke nan. Ta dubi facin, ta dubi yarinya da ke laɓe bayan rumbu da laka har gwiwa.

"Ke! Zo nan, don ƙaniyarki! Mi kinka yi?"

Yarinya ta fito. Duk muryoyin da ta iya suka gudu, sai tata, 'yar siririya.

"Ni ce, Goggo. Ba Baba ba ne."

Tsohon ya riga ya karɓe homar, bai kuwa sake ta ba. Ya ce wa yarinya, "Wuce mu tafi." Goggo ta ɗauki gidan sauron, ita da Baba Tamba suka bi su.

A bakin tafki ƙudaje sun rufe yashi. Kifayen da suka zube duk sun mutu. Na cikin ramin suna ta buɗe baki, rana tana shanye ruwan.

"Duba da kyau!" tsohon ya daka mata tsawa. "Kowane guda da kinka kashe, da ya zama giwan ruwa ko tarwaɗa. Kuma ruwan ga ba namu na mu kaɗai ba. Daga nan shi ka bi ta garinku, ya faɗa Kwara, ya tafi har teku. Duk hanyar nan mutane na jiran abinci cikinsa."

Hawaye suka zubo mata. "Baba, na ramin ba su mutu ba. In mayar da su?"

Tsohon ya harare ta. "Maza!"

Goggo ta cilla mata ƙwarya. Yarinya ta kamfato kifi da ruwa, ta kai tafki, ta dawo. Ta zame ta faɗi, ta tashi. Bayanta ya ƙage, ƙafarta ta yi kanta, ba wanda ya taya ta. Sai da la'asar ramin ya zama ba ko guda.

Tsohon ya leƙa ramin, ya yi gyaran murya. Sannan ya miƙa wa Baba Tamba homarsa.

"Ungo. Na zarge ka a banza, ka yafe."

Baba Tamba ya rungume homar. Ya dubi yarinya, fuskarsa ta ɗan saki.

"To, mi kinka koya, ɗiyata?"

"Ruwa na kowa ne, Baba. Wanda ya kashe ƙananan kifi yau, ya hana mutane abincin gobe."

"Madalla."

Goggo ta ɗaga gidan sauron, duk ya yayyage. "Ke kuma za ki ɗinke shi, kin ji ko?"

"Na ji, Goggo," in ji yarinya, tana dariya da laka har goshi.