Rediyon da Talha Ya Kashe

Ranar da Bilkissou ta fara zuwa rumfar Talha mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, talabijin ɗin mahaifinta ta kawo, hotonsa sai rawa yake yi.

"Malam, ya mutu ne?"

Talha ya buɗe bayansa, ya nuna mata wani ɗan gwangwani da kansa ya kumbura. "Kondansa ce ta gaji. Kai, kar ki taɓa! Tana riƙe wuta ko an zare waya."

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, sabuwar kondansa ta yi wuyar samu. Sai ya kwance rediyonsa, wanda yake jin labarin garinsu Garwa da shi, ya ciro tasa ya liƙa mata da dalma.

"Naka fa?"

"Ya huta. Ki riƙa zuwa kina ba ni labari."

Ta yi dariya, ta kuwa riƙa zuwa.

Da aka fara kamen baƙi marasa takardar zama ana loda su a jirgin ruwa zuwa ƙasashensu, Talha ya aika neman aurenta. Ita haifaffiyar Libreville ce, tana da takarda, shi ba shi da ita. Alhaji Saliou, mahaifinta, ya ce, "Takarda yake nema, ba ke ba."

Ta same shi a rumfa, idonta jawur. "Talhana, gaskiya Baba ya faɗa?"

Ya daɗe yana juya abin awon wutarsa. "Ban sani ba, Bilki. Ina sonki, ina kuma tsoron jirgin nan. Na kasa raba su."

"Kai in kana zargin abu a cikin tele, ba cire shi kake yi ka gani ba? A cire takardar. A ɗaura, in bi ka Garwa."

"Garin da ba ki taɓa gani ba?"

"Har yanzu kana so?"

Hawaye suka zubo masa. "Wallahi ina so."

Da Alhaji ya ji Garwa za su tafi, bayan kwanaki ya kira liman. Aka ɗaura aure ba kiɗa.

A bakin jirgi Alhaji ya damƙa wa Talha wani ƙulli a hankici. Kondansar ce.

"Mayar da ita rediyonka, yarona. Gidan da babu Bilki, wa zai kalli tele?" Ya dafa kan 'yarsa. "Allah Ya yi muku albarka, Ya sauke ku lafiya."