Kakin da Ba a Tace Ba

Ƙafafunsa Lauratu ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar lori a Tudun Wada. Ta ajiye ƙwaryar kakin zuman da ya saya wurin babanta, Malam Ɗantsoho mai amya.

Mika'ilu ya fito, fuska duk baƙin mai. Bai daɗe da dawowa daga Ikko ba, inda ya koyi kanikanci.

"Me za ka yi da kaki har haka?" in ji ta.

"Narka shi zan yi da kananzir, in shafe ƙarafan ƙasa kafin damina, kada tsatsa ta ci."

"Mota ma sai an yi mata kwalliya?"

"Ita kaɗai ke kula ni a garin nan."

"Ka tambayi kowa ne?"

Kafin wata biyu ya tura manyansa neman aurenta. Amma Nagoda, wani mai lori daga Hanwa da ke neman Lauratu, ya riga su zuwa zauren Malam. Ya ce kakin rufa ido ne, wa ya taɓa shafa wa ƙarfe kaki? Kitsen alade ne Mika'ilu ke shafawa, dabarar Turawa, kuma a motar yake ɗaukar hatsin Musulmi.

Malam ya mayar da goro. Masu kaya suka ƙaurace wa motar.

Ƙwaryar ta dawo gida da takarda a cikinta.

"Lauratuna, ko a Ikko ban taɓa alade ba. In Baba bai sauko ba, zan koma Kudu bayan salla. Naki, Mika'ilu."

Ta ba shi amsa.

"Bakanikena, kada ka je ko'ina. Wanda ya sa ni kuka sai na ga nasa."

Ba ta daɗe tana jira ba. Nagoda ya leƙa ƙarƙashin tasa motar ya ga yadda tsatsa ta cinye ta, sai ya zo wurinta a ɓoye.

"Kaki nake so. Kada Malam ya ji."

Ta ɗauko masa wanda ba a tace ba, zuma na naso a jikinsa.

"Ka shafa da kauri ranar da za ku zo gaisuwa. Ban da kananzir, ɓata shi yake."

Ranar Alhamis da azahar ya iso da baffanninsa, ya tsayar da motar a inuwar ɗorawar da amyoyin Malam ke rataye. Inji da zafi, kaki na ɗiga. Ƙudan zuma suka sauko gaba ɗaya.

Lauratu na leƙe ta ramin zana. Ta ga rawani a ƙasa, ta ga Nagoda na birgima yana kiran uwarsa. Ba ta kau da kai ba.

Malam ya fito da hayaƙi ya kori ƙudan. Ya durƙusa ya lakato abin da ke ɗiga, ya shinshina.

"Wannan ai kakina ne. Wa ya koya maka?"

"Wurin Mika'ilu na gani," in ji Nagoda, leɓe a kumbure.

"Ashe ka san abin da yake shafawa."

Baffannin suka tattara takalmansu.

A cikin gida Malam ya dube ta. "Da kin kashe mutum fa."

"Kumburi kawai na so, Baba. Ya ishe ni."

Bayan salla aka ɗaura aure. Malam ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Na zalunce ka, ka yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya." Ya rage murya. "Kuma don Allah, kada ka taɓa yi mata ƙarya."

Mika'ilu ya ce amin.