Ranar Da Ta Raka Fiddausi Kankiya

Muryar kawai Karima ta ji daga bayanta, sai ta tsaya cak.

"Su wa ke son a zagaya da su makaranta?"

Ba ta waiwaya ba. Ko a cikin hayaniyar kasuwa aka jefa muryar nan za ta tsince ta.

Ƙanwarta Fiddausi ce ta rusuna ta gaishe shi, ta shiga bayani baki har kunne. Daga Yashe suke. An ba ta gurbi a nan makarantar koyon aikin lafiya, an kuma ba ta a wata ta Kano, shi ne Baba ya ce ta je ta gani da idonta kafin ta zaɓa, ya haɗo ta da yayarta.

"Yayarki..." ya ce, yana duban bayan Karima.

Dole Karima ta juyo.

Harisu ne. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana sanye da farar riga ta malaman makarantar. Idanun ne kawai ba su sake ba.

"Ina kwana, Malam," ta ce, kamar yau ta fara ganin sa.

Shekarun baya, ita ma an taɓa ba ta gurbi a wannan makarantar. Har Inna ta saya mata akwati. Lokacin Harisu yana shekarar ƙarshe a makarantar, kullum Juma'a da yamma sai ya hau mashin ya je Yashe zance. Shi ya zauna a dakalin ƙofar gidansu ya roƙe ta ta haƙura. Ya ce ba zai iya kallon samari suna tare ta a hanyar aji ba, ta bari ya gama, a ɗaura aure, daga ɗakinsa ta yi karatun da take so. Baba ya yi faɗa, Inna ta yi kuka, Karima ta toshe kunnenta. So ya rufe mata ido.

Da ya gama, mahaifiyarsa ta ce atafau. Ɗanta ma'aikaci ne, ba zai kwaso mata ɗiyar ƙauye wadda ba ta san komai ba sai surfe da tankaɗe. Ana cikin wannan Zinariya, aminiyar Karima tun firamare, wadda ita ta shiga makarantar, ta fara kai wa tsohuwar gaisuwa da kwanon fura. Daga nan Juma'a ta daina kawo Harisu. Labarin ɗaurin aurensa da Zinariya a bakin masu tallar nono Karima ta ji shi.

Tun daga lokacin ta koyi ɗinki, ta kama shago a Kusada. Manema sun zo, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga shi a gabanta yana nuna wa ƙanwarta azuzuwa.

Ya kai su ɗakin gwaji, inda aka jera gadaje da mutum-mutumin roba da ɗalibai ke koyon karɓar haihuwa a kansu. Fiddausi sai taɓa wannan take tana tambayar wancan, har da ɗaukar jaririn roba ta rungume tana dariya. Ya kai su ɗakin karatu. Suka wuce 'yan mata cikin fararen kaya zaune a gindin darbejiya suna yi wa juna bita.

Karima tana biye a baya, tana kallon kujerun. A ɗayansu ya kamata a ce ta zauna.

Da suka iso ɓangaren kwanan mata, ya kira wata ɗaliba ya ce ta shiga da Fiddausi ta ga ɗakuna. Karima ta yunƙura za ta bi su, ya sha gabanta.

"Karimata..."

"Sunana Karima."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi da Zinariya sun rabu tun bara, ta samu aiki a Kaduna ta nemi ya sawwaƙe mata. A faɗansu na ƙarshe ne ta faɗa masa da bakinta cewa ƙarya ta shirya. Ita ta je ta gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa, sannan ta gaya masa, wai Karima ta karɓi zancen wani dillalin shanu tun yana makaranta, wai har an kai gaisuwa. Ya rantse tun ranar da ya ji gaskiya bai sake barci mai daɗi ba.

Karima ta ƙura masa ido. Shekara da shekaru tana tambayar kanta laifin me ta yi, ashe wannan ne. Wani ɓangare na zuciyarta, wanda ta ɗauka ya mutu, ya motsa. Ta tsani kanta da ta ji hakan.

"Ka yarda?" ta tambaye shi a hankali.

"Raina ne ya ɓaci, kuma ga Hajiya..."

"Daga Kankiya zuwa Yashe tafiyar kwana nawa ce, Harisu? Mi ya hana ka zo ka tambaye ni?"

Ya kawar da kai gefe.

"Kuma tun bara ka san gaskiya. Hanyar ce ta ɓace maka?"

Ya ce kunya ce ta hana shi. Ya ce Allah ne ya kawo ta yau don a gyara. Fiddausi ta zo nan, zai riƙe ta kamar ƙanwarsa. Ita ma Karima zai nema mata gurbi, ai karatu ba ya tsufa. Zai turo magabatansa, ta ɗan ba shi lokaci kawai ya shawo kan Hajiya, don har yanzu tsohuwar tana nan kan bakanta.

Karima ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Na yafe maka, don ina son Allah shi yafe mani. Amma kada ka turo kowa. Wadda ka sani ta daɗe da tashi daga dakalin nan."

"Har yanzu ina son ki, wallahi."

"Na sani," ta ce. "Da can ma kana so na."

Ta juya kafin hawayen su zubo a gabansa.

A motar komawa gida, Fiddausi sai satar kallon Karima take har suka fita daga gari. Tana ƙarama lokacin da abin ya faru, amma ba ta manta mai mashin ɗin Juma'a ba, kuma ta ga idon yayarta. Can ta kama hannunta ta ce ita Kano za ta tafi. Makarantar nan ba ta yi mata ba, ɗakunan ma sun yi ƙanƙanta.

Karima ta dube ta. Yarinyar ko ƙarya ba ta iya ba.

"Tsakaninki da Allah, wacce kike so?"

Fiddausi ta fashe da kuka. "Ta nan, Yaya... amma ba zan iya zama a ajinsa ba, kina gida kina jin sunansa a bakina."

"Za ki iya." Karima ba ta sassauta ba. "Ni na bar makarantar nan saboda shi. Ba za a yi biyu a gidanmu ba. Ki shiga ajinsa, ki zauna a gaba, ki kwashe duk abin da ke kansa. Abin da zai iya ba mu ke nan."

Ranar da Fiddausi za ta tare a makaranta, Karima ce ta ɗinka mata fararen kayan da hannunta, ta goge su, ta raka ta har tasha. Ba ta shiga motar ba.

Harisu ya aiko sau da yawa ta bakin Fiddausi, Karima ba ta taɓa mayar da amsa ba. Kafin damina ta zagayo, Fiddausi ta zo hutu tana ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce Malam Harisu ya yi aure, wata ma'aikaciyar jinya ce Hajiyarsa ta zaɓa masa.

Karima tana kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba.

"Allah shi ba su zaman lafiya," ta ce. "Miƙo mani almakashi."