Hannun da Ya Naɗe Cakulet

Auta ta barbaɗa fulawa a kan teburin kicin, ta ɗauko hannun mijinta na dama ta ɗora a kan kwaɓin a hankali.

"Danna, Tela. Likita motsa yatsu ya ce, bai ce kallo ba."

Tun da ya yi haɗarin mota yatsun suka daina jin magana. Mutumin da ke zura zare a allura yana hira, yau cokali ma gagararsa yake. Keken ɗinkinsa na lungu, an lulluɓe shi da zane. Ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti don ya riƙa matsawa kuwa, tuni ya yi jifa da shi. Shi ya sa Auta ta ƙirƙiro gashin naɗin cakulet duk Asabar: a kwaɓa fulawa, a murza da kwalba, a shimfiɗa bota mai sanyi, a ninke, a sa a firij ya huta, a sake murzawa. Na farko ya fito kamar tafin takalmi. Suka ci suna dariya, abin da gidan ya daɗe bai ji ba.

Wata Asabar sai ga Umma, mahaifiyar Auta. Umma ba muguwa ba ce. Son 'yarta ne ya yi mata yawa, shi kuwa so idan ya wuce gona da iri cizo yake. Ta zauna a falo, ba ta ko rage murya ba.

"Ki tattara kayanki. A jinya za ki ƙarar da ƙuruciyarki? Hannun da ya mutu ba ya ciyar da gida."

"Umma, don Allah, yana fa ji—"

"Ya ji mana. In kuma kin zaɓe shi a kaina, ban yafe ba."

A kicin kwalbar ta daina gara. Da Auta ta shigo ido jawur, Tela bai ɗago ba.

"Bi ta," ya ce. "Uwa ba a sake ta. Ni kuma ba zan riƙe ki da hannun da ba ya riƙe cokali ba."

Ta tafi tana kuka, ta bar shi da fulawa har gwiwar hannu. A gidansu ta rame. Ba ta taɓa yi wa Umma musu ba, amma duk Asabar sai ta kulle ɗaki ta yi kuka mai isarta. Umma na ji, tana cewa za ta saba. Ba ta saba ba.

Watanni suka shuɗe. Ran wata Asabar aka yi sallama, Umma ta buɗe ƙofa. Tela ne, ya zube ya yi baƙi, riƙe da tire a hannun dama. Hannun na rawa, tiren bai faɗi ba.

"Ina wuni, Umma. Ban zo roƙo ba. Asabar ce, Auta ta saba cin naɗin nan."

Umma ta dubi naɗin, wasu a karkace, cakulet ya tsiyayo ta gefe.

"Wa ya yi maka?"

"Ai ba kowa a gidan, Umma."

Maganar ta soke ta, domin ita ce ta kwashe gidan. Ta ɓallo guda, ya buɗe falle-falle, kowane falle ninki ne da wannan hannun ya yi shi kaɗai. Ta kai baki, hawaye ya riga ta haɗiya.

"Auta, ɗauko mayafinki. Ka yafe mini, ɗan nan, na yanke hukunci tun Allah bai yanke ba."

Wanda ya yi gaggawar cire kwaɓi daga firij ba ya cin mai daɗi, haka ma aure: mai haƙuri shi ke dafa dutse. Auta ta fito da gudu, ta miƙa hannu za ta karɓi tiren.

"Bar shi," in ji Umma, tana share ido. "Zai iya riƙewa."