Mutum Arba'in da Uku Marasa Waya

"Wa ya goge sunana?" Tsohon direban ya buga sandarsa a teburin asibitin ido. Ranar aikin idonsa ta wuce, babu wanda ya sanar da shi.

'Yarsa, malamar firamare, tana riƙe da hannunsa lokacin da aka turo saurayin da ya rubuta manhajar da ke aika wa marasa lafiya saƙon ranar aiki. Yana ɗaga kai ya ganta, bayanin da ya shirya ya tsere masa.

"Baba, laifina ne. Sunaye suna bi ta matakai uku: a tace su, a mayar da kowane suna saƙo, a tattara a aika. A wajen tacewa na ce duk wanda ba shi da lambar waya a zubar da shi."

"A zubar," in ji Baba. "Kamar dusa."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Malama, na gyara. Yanzu gida biyu ake raba jerin, masu waya da marasa waya. Babu wanda zai sake faɗuwa."

Ta amsa: "Su marasa wayar, iska ce za ta gaya musu, Injiniya?"

Washegari ya buga takardun sanarwa arba'in da uku na marasa waya, ya hau babur. Gidansu ya bari na ƙarshe, don ya daɗe a ƙofa.

Wata uku ana haka, "Malama" ta koma "Haskena" a saƙonninsa. Amma Baba ya rantse ba zai ba shi ita ba. Ga mai kantin magani yana nemanta, kullum da mota a ƙofar gida.

"Wanda ya zubar da uba, 'ya zai riƙe?"

Ta yi kuka, ta daina amsa waya kwana shida. Injiniya kuwa ya ɗauka mai motar ta zaɓa, ya rubuto: "Haskena, in kin yanke, Allah ya sa alheri."

"Kai dai lissafi kawai ka iya. Gobe ne aikin Baba. Ka zo."

Da aka cire bandejin, fuskar da Baba ya fara gani ta Injiniya ce, yana riƙe da takalman tsohon. A layin jira kuma tsofaffin nan marasa waya ne cike, kowa yana kiransa "ɗana".

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ashe ma ba ka da kyau."

"Baba!" in ji ta.

"To, ki ɗauke shi haka. Allah ya yi muku albarka."

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'a, amarya tana murmushi a ɗaki, tasi ta tsaya a bakin layi. Wani dattijo ya fito da tsohon akwati, ya ratsa taron ya tsaya gaban Baba.

"Ƙanina, shekara talatin rabona da gida. Ka aurar da 'yata ban sani ba?"