Murfin Da Ba A Cire Ba

Ranar da Marnie Kostas ta fara zuwa taron masu kallon taurari a bayan garin Coonabarabran, ta yi abin da ba a yafewa. Ta kunna fitilar wayarta, fara fat, a tsakiyar mutanen da suka shafe rabin awa suna jiran idonsu ya saba da duhu. Jar fitila kawai aka yarda da ita a filin.

"Kai! Wace ce wannan ta makantar da mu?" in ji wata murya.

Mai muryar shi ne Declan Moroney, malamin makaranta, wanda ake kira Mujiya saboda kaifin idonsa da dare. Ya taso da niyyar faɗa, ya ga fuskarta, faɗan ya bi ruwa. Ya ja ta zuwa na'urar hangen taurarinsa, ya nuna mata Omega, wani dunƙulen taurari kamar an zubar da gishiri a baƙin zane. Daga ranar ta zama Farar Fitila a bakinsa.

Shekara guda suna tare. Shi da ido yake kallo, ita kuwa ta fi son ɗaura kyamara a na'ura ta bar ta tana tara haske awa bayan awa.

Wani daren hunturu ta saita sabuwar na'urarta a kan Omega, ta matsa masa cikin ɗoki. "Mujiya, kai za ka fara leƙawa, ni ko gani ban yi ba."

Ya sunkuya, ya daɗe. "Kai, Farar Fitila, ya yi kyau. Har ƙananan na gefe sun fito."

Ta zagaya gaban na'urar don ta gyara waya, sai hannunta ya taɓa murfi. Ɗoki ya sa ta manta ba ta cire shi ba. Babu hasken da ya shiga, ko ɗigo. Ke nan bai ga komai ba.

"Declan, tun yaushe?"

Ya zauna a ciyawa. Wata takwas ke nan, ya ce. Likita a garin Dubbo ya gaya masa ciwon gado ne, ganin dare ke fara tafiya, sai na gefe, kuma ba ya dawowa. Duk watannin nan da abin da ya haddace yake amsa mata.

Mahaifinta Stavros, mai kiwon tumaki, da ya ji labari bai yi wata-wata ba. "'Yar nan, na yi jinyar uwarki shekara shida, na san abin da nake faɗa. Mutumin da ba zai iya kai ki asibiti a mota da dare ba? Ga Brett likitan dabbobi, kullum yana tambayarki."

"Baba, to tumakin ya aura mana."

Ba a yi dariya ba. Maganar tsohon ta kai kunnen Declan, washegari saƙonsa ya shigo:

"Marnie, Baba yana da gaskiya. Na riga na yi miki ƙarya, tsoro zai sa in sake. Na ba da na'urata ga makaranta. Ki manta da ni."

Ko Farar Fitila bai ce ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta rubuta masa sau goma sha ɗaya, shiru. Ta je gidansa, labule a sauke. Ta yi kuka har ta gaji, kuma gaskiya ta fara yarda cewa abin ya ƙare.

Abu ɗaya ya rage da ta iya. Duk daren da babu gajimare sai ta fita bayan rumfar askin tumaki, ta saita kyamara a kan Omega, ta zauna cikin bargo raɓa na daskarewa a takalminta. Ba ta ma sani ba ko zai yarda ya kalla. Dare ashirin da bakwai tana haka. A na ƙarshe Stavros ya fito da shayi, ya tsaya yana kallon yatsunta da suka ƙage.

"Wa kike yi wa wannan wahalar?"

"Ido ba ya ajiye haske, Baba. Kyamara tana ajiyewa. Tara masa nake yi tun yana da sauran gani."

Tsohon ya miƙa mata shayin, ya koma ciki. Da safe ya tayar da motarsa, ya je ya yi ta bugun ƙofar Declan har ya buɗe. "Shiga mota, yaro. Ni na ɓata, ni zan gyara."

A ɗakin girki Marnie ta buɗe hoton da ta tara a babban allon kwamfuta. Taurari dubbai suka cika shi, masu haske ƙwarai. Declan ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan karon ban da ƙarya," ta ce. "Me ka gani?"

"Tsakiyar kawai. Gefen ya tafi, Farar Fitila. Wata rana tsakiyar ma za ta bi shi."

"Na sani. Gefen ni zan riƙa faɗa maka."

Aka ɗaura aure a watan Oktoba, a filin da suka fara haɗuwa, da rana tsaka don ango ya ga amaryarsa. Stavros ya haɗa hannayensu, ya ce Allah ya ba su haƙuri da juna, ya sa albarka a gidansu, sannan ya juya yana goge ido da hularsa.

Da duhu ya shiga, abokai suka kafa na'urori da jajayen fitilunsu. Declan bai sunkuya ba. Ya lalubo gaban na'urar Marnie, ya cire murfin da hannunsa, ya sa a aljihu.

"To, leƙa," ya ce. "Ina jin ki."