Bakin Karen Alhaji Tahidu

"Wayyo Majeed! Me ya same ka?"

Naila ta yar da babur ɗinta a bakin gonar Alhaji Tahidu da ke Gumani. Majeed, wanda saura sati uku a ɗaura musu aure, yana zaune a ƙasa, hannunsa naɗe da tsumma duk jini. A gindin mangwaro karen gadin gonar ne a ɗaure, miyau mai jini na dalala daga bakinsa.

"Karen ya haukace," in ji Alhaji Tahidu, mahaifin Majeed. "Kwana huɗu bai ci komai ba, yau ya cije mini ɗa. Ɗana zai mutu, Naila..."

Maza biyu har sun ɗauko sanduna.

Tun daga nesa Naila ta gane warin da ke fitowa daga bakin karen. Shekara biyu tana aiki a asibitin dabbobi, gidan Alhaji kuwa sun ɗauka awaki kawai take dubawa. Majeed ne kaɗai ya san kullum hannunta na cikin bakin karnuka, tana kankare musu haƙora. Shi ya roƙe ta ta yi shiru sai bayan biki, don Alhaji ko inuwar kare ba ya so ta taɓa tabarmarsa.

Abida, 'yar ƙanwar Alhaji, wadda ta daɗe tana son Majeed, ta taɓe baki.

"Ga gwana ta iso. Kawu, tambaye ta aikinta mana."

"Masoyiyata, bari..." in ji Majeed, yana kallon Naila.

Naila ta dubi hannunsa.

"Baba, idan kun kashe shi, ba za mu san abin da ke jikin Majeed ba."

Ta sa safar hannu, ta zarge bakin karen da igiya, ta ɗaga leɓensa. Datti ya daskare a haƙoran kamar tsatsa, dasashin ya kumbura ya yi jawur, haƙori ɗaya na girgiɗi.

"Me kuke ba shi?"

"Ragowar tuwo da koko," in ji Alhaji. "Mun hana shi duk abin taunawa, kada ya koyi cin zabi."

"Shi ya ruɓar masa da dasashi. Majeed, bakinsa ka buɗe?"

"Na so in ga abin da ya tsaya masa."

"Ciwo ka taɓa, shi ya sa ya cije ka. Duk da haka tashi mu je a yi maka allura, yanzu! Shi kuma a ɗaure shi kwana goma mu gani."

"Najasa fa, Kawu!" Abida ta ɗaga murya. "Da hannun nan za ta dafa maka abinci?"

Alhaji ya juya ya tafi.

Kwana goma ba saƙo daga gidansu Majeed. Naila ta rame. A rana ta sha ɗaya sai ga Alhaji a gidansu a Sabonjida. Ta laɓe bayan ƙofa, ta toshe bakinta.

"Malam Nashiru," ta ji ya ce wa mahaifinta, "'yarka tana taɓa bakin kare."

"Haka ne, Alhaji."

"Karen yana nan da hankalinsa, ɗana ma ya warke. Na tambayi malaminmu, ya ce ruwa da ƙasa suna wanke abin da ta taɓa. Ranar auren da muka sa tana nan."

Naila ta sauke hannunta daga bakinta.

"Sai dai ka gaya mata," in ji Alhaji, "an ce kullum sai an goge masa haƙora da buroshi. Wallahi wannan kam ita da mijinta!"